Mun ci jarrabawar korona a takarda, mun faɗi a zaure

Na gode da kuka bar inuwa kuka tako cikin wannan rana ta Damagaram don ku saurari wanda bai girme ku da komai ba sai 'yan shekaru. Tun da farko bari in faɗi gaskiya: ni ba likita ba ne. Na ga 'yan fannin likitanci can baya sun naɗe hannu suna jiran in yi kuskure. To, in na kauce ku gyara mini, ba zan ji haushi ba. Abin da na zo da shi labarin yadda mu, ɗaliban shekarar 2020, muka san komai game da korona, amma sanin bai hana mu yin abin da muka san bai dace ba.

Da yawanku kuna lise ko koleji a lokacin. Ran 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na wancan lokaci, Mahamadou Issoufou, ya yi jawabi ya ce za a rufe filayen jirgin sama na Yamai da na nan Damagaram, a rufe iyakoki, a rufe makarantu tun daga na yara har jami'o'i, a hana taron da ya wuce mutum 50. A ranar ko mutum ɗaya ba a tabbatar yana da cutar a Nijar ba. Sai bayan kwana biyu, ran 19 ga wata, aka sanar da na farko a Yamai. Kun san me muka yi da muka ji an rufe makaranta? Murna muka yi, wallahi. Akwai jarrabawa a gabanmu, ga shi an ɗage ta ba mu roƙa ba. Muka tattara jakunkuna muka nufi tasha. Motar da na shiga ta mutum goma sha tara ce, mun fi ashirin a ciki, ban da buhuna, kuma mun rufe gilashi saboda ƙura. An sallame mu ne don kada mu cunkushe a aji, sai muka je muka cunkushe a mota, daga nan muka watsu: wasu Magarya, wasu Matamaye, wasu Gure, wasu Tanut, wasu har Diffa da Agadas. Da akwai mai ita a cikinmu, babu ƙauyen da ba mu kai wa saƙo ba.

Kuma fa ba jahilci ba ne. Da a ce a bakin tashar nan an raba mana takarda an ce mu rubuta yadda cutar ke yaɗuwa da yadda ake kare kai, babu wanda zai samu ƙasa da 16 bisa 20. Mun haddace shi da Faransanci tsaf: tazarar mita ɗaya, wanke hannu da sabuni, tari cikin gwiwar hannu, barin musabaha, kwana 14 na keɓe kai. Muna da waya, muna da WhatsApp, muna sauraren RFI da BBC. A ƙauyenmu gaba ɗaya babu wanda ya kai ni sanin wannan cuta.

Na isa gida da la'asar. Washegari da safe aka ce in je in gaida baffana, yayan mahaifina, wanda tun rasuwar babanmu shi ne uba a gidan. Ya haura saba'in, yana da ciwon suga, kuma duk sanyi sai ƙirji ya dame shi. Duk wannan na sani. Tun a hanya nake shirya abin da zan yi: zan tsaya daga bakin ƙofa, in yi masa bayani. Na shiga zaure, na tarar da shi da dattawa huɗu a kan tabarma. Ya ɗago kai, fuskarsa ta washe, ya ce, “A'a, malamin boko, an iso?” Ya miƙo hannu.

Ni kuma, don ƙarin wauta, sai na miƙa masa gwiwar hannu, irin yadda na ga Turawa na yi a talabijin. Zauren ya yi tsit. Wani dattijo ya ce, “Ikon Allah. Yanzu karatun ya kai har hannun ubanka ya zama ƙazanta?” Baffa bai ce komai ba. Ya dai bar hannunsa a miƙe yana kallona. Kamarad, ban kai daƙiƙa uku ba na kama hannun nan da hannuwana biyu, na durƙusa, na ce, “Tuba nake, Baffa.” Na zauna kusa da shi fiye da awa ɗaya a zauren da ko taga babu. Aka kawo fura a ƙwarya, ludayi ɗaya, ya zagaya har ya zo kaina, na sha.

Na daɗe ina tunanin wannan safiya, kuma abin da na gano shi ne ba kunya kaɗai ta kayar da ni ba. Na je da kayan aro ne alhali da namu a gida. Ku dubi fadar Sarkin Damagaram a Birni. Wa ya taɓa ganin talaka ya je ya kama hannun Sarki yana girgizawa? Tun daga nesa za ka cire takalmi, ka durƙusa, ka yi gaisuwa, kuma babu ladabin da ya fi wannan. Ƙannena mata kullum daga bakin ƙofa suke durƙusawa su gaida Baffa, ba wanda ya taɓa cewa sun raina shi. Da na zube tun daga ƙofar zauren, na sa hannu a ƙirji, na ce, “Baffa, daga birni nake, na shigo motar haya, an ce akwai mura mai kama manya, bari in yi kwana biyu kafin in matso kusa da kai,” da albarka zai sa mini. Tsofaffin nan sun san annoba fiye da mu. Sun ga ƙyanda, sun ga sanƙarau, iyayensu sun ba su labarin murar 1918, wadda a ƙasar Kano ake kira marisuwa. Sun san a ware wa mai ƙyanda ɗaki. Amma ni a kaina darasin da Faransanci yake zaune, ban taɓa zama na juya shi zuwa Hausar da zan iya faɗa wa baffana ido da ido ba. Da lokacin ya zo, sai na rasa bakin magana.

Ga kuma maganar ruwa, wadda duk ɗan Damagaram ya san ba wasa ba ce. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwan famfonmu daga nesa ake janyo shi, daga Gogo-Machaya da Arungouza. Cutar ta zo daidai watan Maris da Afrilu, lokacin da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, mata da yara na kwana a layi, kuɗin bido a wurin 'yan garuwa ya hau. A wannan hali rediyo ke cewa a riƙa wanke hannu a kai a kai da ruwa mai gudu. Wata gwaggona da ke Garin Malam ta ce mini, “Ka ce wa mai rediyon ya aiko da ruwan.” Na yi dariya, na kasa ba ta amsa. Alhali amsa na nan. Matar nan tana alwala sau biyar a rana da buta, ko da fari ko da damina. Abin da ya rage sai a ajiye ɗan guntun sabuni kusa da butar. Ƙwayar korona lulluɓe take da wata 'yar fata ta maiƙo, sabuni kuwa aikinsa ke nan, narkar da maiƙo, kamar yadda yake yi wa tukunyar miya. Ka jiƙa hannu, ka cuɗa da kumfa kamar daƙiƙa 20, ka ɗauraye. Rabin buta ya isa. Wannan bayanin na san shi tun a makon farko. Ban faɗa mata ba, don a raina ina ganin ba za ta gane ba. Ita da take dafa wa mutum goma sha biyu abinci kullum, wai ba za ta gane sabuni da maiƙo ba.

Daga baya ma bincike ya nuna hannun ba shi ne babbar ƙofa ba. Iska ce. Mai cutar in yana numfashi, yana magana, yana tari, ƙananan ɗigo na fita su yi ta yawo a ɗaki, musamman in a rufe yake. Wato zaman fada a ƙofar gida, iska na kaɗawa, ya fi aminci a kan ɗakin ɗalibai da aka yi don mutum biyu amma mutum shida ke kwana. Abin da ke ɓata fadar shi ne kofi. Kun san shayinmu: ɗan kofi biyu ko uku, na farko, na biyu, na uku, baki goma. A duk tsawon rufe makarantu ban ga fadar da ta tashi ba, kuma ban ga wanda ya zo da kofinsa ba. Wani abokina ya gwada kwana biyu, aka sa masa suna Dokta Korona, ya bari. Ina cikin waɗanda suka yi masa dariya.

Abin da ya sa muka raina ta shi ne ba mu take kashewa ba. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka wuce 65 kuwa ba su kai uku cikin ɗari ba. Korona tsofaffi take nema, da masu ciwon suga, da masu hawan jini. Saurayi ɗan shekara 22 zai iya ɗaukar ta ya yi ta yawo bai ji komai ba, ko ya ji ɗan kasala da mura ya sha farasitamol ya wuce. Kuma mutum na iya yaɗa ta tun kwana ɗaya ko biyu kafin ya fara jin alama. Mu muna duban junanmu a fada, kowa garau, sai mu ce ina cutar take? Ba mu lura ba cewa kowannenmu da dare gida yake komawa, inda kaka take.

Yanzu in zo kan abin da ya fi ba ni kunya, wato jita-jita. Mukan ɗora wa mutanen ƙauye laifinta, amma mu tambayi kanmu, wa ke da wayar? Saƙon da ke cewa zafin rana na kashe ƙwayar, don haka ba za ta rayu a Sahel ba, ɗalibai ne suka yi ta tura shi. Ni ma na tura. Bidiyoyin Farfesa Didier Raoult na Marseille, mai cewa kulorokin na maganinta, mu muka fi kowa yaɗa su, don da Faransanci yake magana, ga farar riga, ga laƙabin farfesa. Har muna cewa ai mu tun muna yara muke shan nibakin, mun riga mun warke tun kafin ta zo. A watan Yuni na shekarar wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Ingila ya nuna maganin ba ya rage mutuwar masu cutar. Wannan labarin ban ga wanda ya tura shi a guruf ɗinmu ba. Jita-jitar tsohuwa a bakin rijiya take tsayawa. Ta ɗan jami'a kuwa, da yake an ce ya yi karatu, gari guda ke ɗauka.

Ba kuma zan ce duk wanda ya yi shakka wawa ba ne. Mutanenmu na da dalili. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani, Trovan, a kan yara, goma sha ɗaya suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wannan tabon na cikin abin da ya sa a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa har ta tsallako mana nan Nijar. Kano da Damagaram kuwa, iyaka a takarda take. Aure ɗaya, kasuwa ɗaya, malamai ɗaya. Sannan da aka rufe masallatai aka bar kasuwanni a buɗe, tambayar da kowa ke yi ita ce, cutar ta san hanyar masallaci amma ba ta san ta Kasuwar Dole ba? Kun tuna abin da ya faru nan Mirya a ƙarshen Maris, matasa da jami'an tsaro, duwatsu da sanduna, a kan sallar jam'i. A ganina an yi saurin ba da umarni, an yi jinkirin yin bayani. Akwai amsa: a masallaci kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa a cikin gini, goshi na sauka inda na wani ya tashi, kuma in aka rufe kasuwa a garin da yawancin mutane sai sun fita suke samun na tuwon dare, yunwa za ta riga cutar. Akwai kuma tarihin Sayyidina Umar da ya juya da tawagarsa bai shiga Sham ba saboda annoba, wanda kowane almajiri ya sani. Malamai da dama sun yi wannan bayani. Mu da ke tsakiya, masu ƙafa ɗaya a boko ɗaya a allo, mu ya kamata mu ɗauke shi mu kai fada-fada. Yawancinmu shiru muka yi, don kada a ce mun zama 'yan koren gwamnati.

Sai abubuwa suka fara matsowa. A watan Afrilu labari ya zo daga Kano cewa dattawa na ta mutuwa, masu haƙa kabari sun gaji. Daga baya ministan lafiya na Najeriya ya ce cikin kusan mutum dubu da suka rasu a 'yan makonnin nan, rabi ko fiye ana danganta su da korona. Ran 3 ga Mayu, cikin azumi, Mohamed Ben Omar ya rasu a Yamai, aka sanar cewa korona ce. Ɗan jihar nan ne, kuma duk ɗalibi ya san sunansa don ya taɓa riƙe ma'aikatar ilimi mai zurfi. A watan ne jihar Damagaram ta zama ta biyu bayan Yamai a yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu. Sai kuma muka juya baki muka ce, to ai ciwon manya ne, masu hawa jirgi.

Baffana bai taɓa hawa jirgi ba. Cikin azumin nan na shigo birni na yi kwana uku wajen abokai, na koma gida da 'yar mura, na rasa jin ƙanshin abinci na wasu kwanaki, na ce ƙura ce. Kullum tare muke buɗa baki da shi a zauren nan. Bayan kamar mako guda ya fara zazzaɓi da tari. Aka ce ƙirjinsa ne na kullum. Aka yi shawarar kai shi asibiti, wasu suka ce a'a, in aka kai shi za a ce korona ce, a tsare shi, a hana kowa ganinsa, in ya mutu a hana mu gawar. Aka juyo aka tambaye ni, ni ɗan jami'a. Na ce a ɗan ƙara dubawa zuwa gobe. Ya rasu kwana biyu kafin Sallah, yana kokawa da numfashi. Ba a gwada shi ba, ni ma ba a gwada ni ba. A ƙauye har yau cewa ake kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, kwana ya ƙare. Allah ya jiƙansa. Amma ni na san abin da ke rubuce a takardar da na haddace game da rasa jin ƙanshi, kuma tun a lokacin na san shi.

In kun duba alƙaluman hukuma za ku ga duk tsawon annobar waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijar ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka mutu ɗari uku da 'yan kai. Idan aka kwatanta da Italiya ko Amurka, Allah ya yi mana sauƙi ƙwarai, kuma ban zo in ƙara wa abin gishiri ba. Sai dai alƙaluman na ƙirga wanda aka gwada ne. Baffana ba ya ciki.

An buɗe masallatai ran 13 ga Mayu, makarantu ran 1 ga Yuni. Muka dawo da takunkumi a aljihu. A bakin ƙofa mu ɗaura, in mun shige mu sauke shi ƙasan haɓa, in malami ya fita mu cusa a aljihu tare da kuɗi da makulli. Wani takunkumin ɗaya ya yi wata da shi bai ga ruwa ba. Da allurar rigakafi ta iso a ƙarshen Maris 2021, ta Sinopharm daga Sin, sannan ta AstraZeneca, sai aka koma maganar tana hana haihuwa. Ni kaina, bayan duk abin da na ba ku labari, sai da na yi watanni ina jan ƙafa. Wadda ta kunyata ni wata kamarad ce 'yar fannin jinya, da ta ce mini, “Kai da kake cika mana kunne da kimiyya, ina katinka?”

A Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Amma a jihar nan ba mu samu hutu ba. A 2021 kwalara ta shigo. Daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma ita wannan yara da matasa take so, cunkoson ɗaki da ƙurar hunturu ne abokanta. A 2023 ga mashaƙo a wajen Matamaye. Ƙwayoyin daban-daban ne, amma duk lokacin da ɗaya ta ɓulla, a gidanku ku za a juyo a tambaya, kamar yadda aka juyo aka tambaye ni: a kai shi asibiti ko a bari? A yi wa yaran allurar ko kada a yi?

Shi ya sa abin da nake roƙonku ƙarami ne. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya a gidansu wanda ya fi jin nauyinsa, uba ne, kaka ce, surukin yaya ne, ya zauna tun yanzu da babu tashin hankali ya tsara da Hausa, ko da Barbarci, ko da Fulatanci, yadda zai ce masa “kada ka matso kusa da ni, ba ni da lafiya” ba tare da ya ji an raina shi ba. Ku gwada a kan junanku a ɗaki, za ku ga ya fi jarrabawar baka wuya. Ku da kuke kwana shida a ɗaki, ku yi magana tun yau: in ɗaya ya tashi da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, wa zai kai shi asibiti a daren, da kabu-kabun wa, kuɗin daga ina. Kada ku jira gobe irin tawa. Saƙo kuma in ya shigo waya, ko da farfesa ne ya yi maganar, ga 'yan likitancin can, ku tura musu tukuna kafin ku tura wa Inna.

Na ga mai kula da lokaci yana nuna mini agogo tun ɗazu. 'Yan bayan can, in akwai inda na kauce, ga makirufo. An kuma ce mini an ɗora shayi a waje. Da zan shigo na leƙa, kofi huɗu na gani a kan tire, mu kuwa mun fi ɗari. Ni dai na zo da nawa a jaka.